Milisakan Hamsin: Nazari kan Rabon Lokaci a Sabar Wasa

A wani shago a Paspanga, cikin Wagadugu, inda samari ke biyan 'yan daloli su buga ƙwallon PlayStation, akwai tebur guda a kusurwa da ba a buga ƙwallo a kansa. Nan ɗan ƙanwata yake zama da laftof ɗinsa. Shi da abokansa kusan talatin, wasu a nan Wagadugu, wasu a Yamai da Kano, suna da duniyarsu ta Minecraft a kan wata ƙaramar saba, wato na'urar da ke ɗauke da wasan, da suke haɗa kuɗi duk wata su biya hayarta a Faransa. Shi ne mai rubuta musu filogin, wato ƙananan shirye-shiryen da ake liƙa wa saba don ta yi abin da masu wasan na asali ba su koya mata ba: kuɗin wasa, kasuwa, gasa, horon wanda ya yi ɓarna. Wata rana da la'asar ya juyo mini da allon ya ce, "Kawu, duba nan, mu ƙirga tare." Muka ƙirga. Duk bayan minti ɗaya sai komai ya sandare na kamar sakan guda. Saniya ta tsaya cak, bulon da ya fasa ya koma wurinsa, sannan duniyar ta zabura ta ci gaba.

Abokansa duk rezo, wato layin intanet, suka zarga, kuma ban ga laifinsu ba. Tsakanin Wagadugu da Faris kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, haske kuma a cikin wayar gilashi kamar kilomita 200,000 yake ci a sakan, don haka ko miƙaƙƙiyar waya aka ja, saƙo ba zai je ya dawo a ƙasa da milisakan 40 ba. Ga shi Burkina ba ta da teku, sai saƙon ya gangara gaɓa kafin ya hau wayoyin ƙarƙashin ruwa. Amma rezo ba ya cika alƙawari. Yakan lalace lokacin da ya ga dama, ya kama wani ya bar wani. Abin da ke zuwa daidai kan minti, ya kama na Kano da na Yamai da na Paspanga gaba ɗaya, wani ne ya sa masa lokaci. Layi uku ne a cikin filogin ɗin yaron suka sa masa.

Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin yadda ake tsara lokacin aiki a sabar wasa. Masu koyo sukan ɗauke shi ƙaramin babi, umarni biyar ko shida da za a haddace a wuce. Ni kuwa a ganina nan ake gane wanda ya fahimci saba. Duk wanda ya ce mata "yi kaza an jima" ya riga ya amsa tambaya uku, ko ya sani ko bai sani ba: wane hannu zai yi aikin, daga rabon wa za a yanki lokacin, kuma da wane agogo za a auna an jimar.

Sabar Minecraft da aka rubuta da harshen Java bugawa take yi kamar zuciya, sau 20 a sakan, kowane bugu milisakan 50. Masu sana'ar tik suke ce masa. A cikin bugu guda saba za ta karanta abin da 'yan wasa suka aiko, ta motsa kowace dabba da kowane dodo, ta gangarar da ruwa, ta duba shuka ko ta isa ƙara tsawo, sannan ta aika wa kowa labarin abin da ya canza. In ta gama a milisakan 20 sai ta huta 30. In aikin ya ci 80, ba ta da inda za ta ranto, bugu na gaba ya makara ke nan, kuma in haka ya ɗore adadin bugu a sakan ya sauko daga 20 zuwa 12 da rabi. Komai na duniyar da bugu ake auna shi. Yini da dare bugu 24,000 ne, minti 20 ke nan. Tanda tana narka ƙarfe guda a bugu 200. Kayan da aka yar a ƙasa yakan ɓace bayan bugu 6,000. In bugu ya yi nauyi, har rana jinkirin faɗuwa take yi.

Kuma kusan duk aikin nan hannu ɗaya ke yin sa. Kwamfutar yau tana jan ayyuka da dama a lokaci guda, kowanne a kan abin da ake kira zare, furosesa kuma tana da ƙwaya huɗu ko takwas ko fiye da za su ɗauki zaruruwan. Amma duniyar wasan a kan zare guda aka ɗora ta, babban zare. An fitar da wasu ayyuka gefe, kamar karɓar saƙonnin intanet da ƙirƙirar sabuwar ƙasa, sai dai motsin halittu da sauyin bulo suna nan a hannu ɗaya. Akwai hikima a cikin haka. Hannu ɗaya ba ya karo da kansa, kuma abin da ya faru kafin wani a yau shi zai faru kafinsa gobe. Injinan redstone, wato lantarkin cikin wasan, da 'yan wasa ke ginawa, masu ƙofofi da famfuna har da masu lissafi, duk a kan wannan tabbacin suka dogara.

Markus Persson ya fitar da wasan a Suwidin a watan Mayu 2009, cikakkiyar sigar kuma ta fito a Nuwamba 2011. Kamfanin Mojang bai buɗe wa masu saba ƙofar hukuma da za su ƙara abin da suke so ba, sai masu sha'awa suka huda tasu. hMod ta fara a 2010, Bukkit ta gaje ta a farkon 2011. A Fabrairu 2012 Mojang ta ɗauki manyan masu Bukkit huɗu aiki, har da Nathan Adams da aka fi sani da Dinnerbone. A Satumba 2014, watan da Microsoft ta sanar da sayen Mojang kan dalar Amurka biliyan 2.5, rikicin haƙƙin mallaka ya sa aka sauke CraftBukkit, manhajar sabar ta Bukkit, daga intanet. Spigot ta ci gaba da riƙon gidan, daga jikinta kuma Paper ta tsiro. Duk wannan sauyin hannu bai taɓa fasalin mai rabon aiki ba sosai. Umarnin da yaron nan ke rubutawa a Paspanga, da su aka yi aiki fiye da shekara goma da ta wuce.

Sunan mai rabon aikin BukkitScheduler. Yana da runTask, wanda ke cewa a yi aiki a bugu mai zuwa, da runTaskLater, a yi bayan bugu kaza, da runTaskTimer, a fara bayan bugu kaza a riƙa maimaitawa duk bayan bugu kaza. Kowanne yana da tagwaye mai ƙarewa da Asynchronously, wanda ke kai aikin zaren gefe. A ciki kuwa layi ne kawai, an jera ayyuka bisa lambar bugun da kowanne ke jira. Kowane bugu saba takan ba mai rabon dama sau ɗaya. Sai ya kwaso duk wanda lokacinsa ya yi, ya gudanar da su ɗaya bayan ɗaya, mai maimaituwa kuma ya sa masa sabuwar lamba ya mayar da shi layi. Ba ya katse kowa. Kamar rijiya ce mai guga ɗaya a gidan haya: wanda gugar ke hannunsa, sai ya ga dama zai saki, mutanen gida kuwa suna tsaye da bokitai. Akwai mai gadi da ke lura, amma abin da yake iyawa guda ne. In bugu ɗaya ya kai sakan 60 bai ƙare ba, sai ya kashe sabar baki ɗaya, da mai laifi da mara laifi.

Dogaro da mutuncin kowane aiki tsohon abu ne a ilimin kwamfuta. Haka Windows 3.1 take, haka tsohuwar manhajar Macintosh: shiri ɗaya in ya ƙi sakin furosesa, na'urar duka ta tsaya. Kwamfutar kumbon Apollo 11 ma ayyukanta da kansu suke sakin layi, sai dai J. Halcombe Laning na jami'ar MIT, wanda ya tsara mai rabon aikinta, ya ba kowane aiki daraja. Ranar 20 ga Yuli 1969, ana gangarowa zuwa duniyar wata, wata na'urar radar ta riƙa cinye mata lokaci. Ta yi ta nuna gargaɗin 1202 da 1201, ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe na tuƙi, aka sauka lafiya. Mai rabon Bukkit ba shi da wannan ikon. A wurinsa aikin da ke ajiye dukiyar 'yan wasa da wanda ke fesa ƙyalƙyali a kan hular wani duk ɗaya ne, wanda lokacinsa ya fara yi shi ne gaba. Nauyin tantancewa ya koma wuyan mai rubuta filogin, wanda sau da yawa matashi ne da ya koyi Java da kansa. Saba guda kuma takan ɗauki filogin ashirin ko talatin na mutanen da ba su san juna ba, dukansu a cikin milisakan hamsin ɗin nan suke ci.

Abin da yaron ya rubuta shi ne: duk bayan bugu 1,200 a bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, a aika kuɗin kowannensu zuwa rumbun bayanai. Rumbun yana kan wata na'ura dabam, kowace aika tana jiran amsa milisakan talatin da 'yan kai. Mutum talatin, sakan guda ke nan, bugu ashirin cur. Abin takaicin ma furosesa ba aiki take yi a wannan sakan ɗin ba, babban zare zaune yake yana jiran amsa. Da ya kunna spark, manhajar awo da ke nuna inda kowane milisakan ya tafi, sunan filogin ɗinsa ne a saman jeri. Ya yi shiru ya ce, "Ashe ni ne, Kawu."

Gyaran ƙafa uku ne. A kan babban zare a kwafi alƙaluman da ake so, wanda bai kai ƙiftawar ido ba. A miƙa kwafin ga zaren gefe ya je ya yi jiran. In akwai amsar da za ta taɓa duniyar wasa, a dawo da ita ta runTask, babban zare ya aiwatar. Mai shagon kirki ba ya kulle shago ya tafi layin banki masu saye na tsaye. Yakan ƙirga kuɗin da hannunsa ya ba yaro ya kai. Yaron kuma in ya dawo ba ya buɗe akwatin kuɗi da kansa, rasit yake miƙawa.

Wanda ya ɗanɗana zaren gefe yakan so ya tura komai can, a nan kuwa babban haɗarin yake. Duniyar wasan ba a gina ta don hannu biyu ba. Spigot tana kama wasu laifukan, misali in aka nemi ƙirƙirar halitta daga zaren gefe sai ta ƙi ta yi ƙara. Waɗanda ba ta kamawa su suka fi muni, don sukan yi daidai sau dubu su ɓaci sau ɗaya, kuma ranar da aka zo bincike ba sa ɓaci. A ce ɗan wasa yana da kuɗi 100, ya danna sayen takobin 80 sau biyu da sauri. Aiki biyu suka tashi a zare biyu. Na farko ya duba ya ga 100, na biyu ma ya duba ya ga 100 kafin na farko ya cire nasa. Kowanne ya rubuta saura 20. Ya tashi da takobi biyu a kuɗin ɗaya, kuma kafin gari ya waye labari ya zaga, kasuwar sabar ta rushe. Matsalar hana hannu biyu shiga ƙwarya ɗaya tun 1965 Edsger Dijkstra ya tsara ta a rubuce, amma kowane sabon mai rubuta filogin sai ya sake haɗuwa da ita da kansa.

Sannan tsakanin tafiyar ɗan aike da dawowarsa duniya ba ta tsaya ba. Ɗan wasan da aka je nemo wa bayani mai yiwuwa ya fita, ko ya mutu, ko ya koma wata duniya. Shi ya sa gogaggu ba sa riƙe ɗan wasan kansa a cikin aikin da zai jira. Lambar shaidarsa suke riƙewa, in an dawo a tambaya ko yana nan. Aikin maimaitawa da aka ɗaura wa mutum kuma aka manta ba a soke shi ba bayan ya fita, zai ci gaba da zagayawa har a kashe saba, yana riƙe da ƙwaƙwalwar da ya kamata a saki. Mafi muni shi ne babban zare ya tsaya jiran amsar zaren gefe, shi kuma na gefen yana jiran babban ya yi masa wani abu. Jiran gawon shanu ke nan, har mai gadin nan na sakan 60 ya zo ya rufe gidan.

Akwai aikin da ba ya zuwa gefe, kuma ya fi ƙarfin bugu ɗaya. Share filin gasa mai bulo 100,000 a mayar da shi yadda yake, dole babban zare ya yi. Nan sai yankawa. Bulo 500 a kowane bugu, an gama a bugu 200, sakan goma, ba wanda ya ji. Dabarar da ta fi wannan ita ce a bar ƙirga bulo a koma ƙirga lokaci: aikin ya duba agogon System.nanoTime, ya yi ta aiki har milisakan biyar su cika, ya ajiye alamar inda ya tsaya ya saki guga. Ta haka saba mai ƙarfi ta gama da wuri, mai rauni ta gama a hankali, ba wadda ta sandare. Ina ganin wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi kyau a duk fannin, don mai ita ya yarda cewa yana da maƙwabta.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne haɗuwar masu maimaituwa. A ƙasar Mosi kasuwannin ƙauye duk bayan kwana uku suke ci, mako kuma kwana bakwai ne, don haka kasuwa ba ta sake faɗowa ranar Juma'a sai bayan kwana 21. Uku da bakwai ba sa raba juna, shi ya sa haɗuwarsu ke da wuya. Masu rubuta filogin kuwa lambobi iri ɗaya kowa ke so: 20, 100, 1,200, 6,000, sakan da sakan biyar da minti da minti biyar. Duk suna raba juna, kuma yawanci lokacin tashin saba ake ɗaura su, da jinkirin farko na sifiri. Sakamakon haka duk bayan bugu 6,000 sai su taru a bugu guda, kowa da kayansa. Kowanne shi kaɗai mai sauƙi ne, taronsu ne ke karya bugun. Matsakaicin awo ba ya nuna wannan. Saba na iya nuna 20 cif a allo alhali bugu ɗaya cikin dubbai yana cin milisakan 300, kuma shi ɗan wasa ke ji a hannunsa lokacin faɗa. Maganin ba ya cin ko dala: a ba kowane aiki jinkirin farko dabam, wannan 7, wancan 13, ko a raba 'yan wasa gida ashirin, kowane bugu a duba gida ɗaya.

Sai maganar agogo, wadda ta fi ba ni sha'awa. Mu da muke salla mun saba da agogo biyu. Lokacin magariba rana yake bi, yana matsawa da damina da hunturu, agogon bango kuwa lissafi yake bi, kuma ba mai rikita su. Saba ma agogo biyu gare ta, na bugu da na duniyar mutane, kuma suna tafiya tare ne kawai muddin tana buga 20 cif. Awa 24 bugu 1,728,000 ne. Wanda ya sa kyautar kullum ta fito duk bayan wannan adadi, in sabarsa ta yini tana buga 18, kyautar sai bayan awa 26 da minti 40 za ta fito, gobe ta ƙara matsawa. In tana buga 15, mintinsa na bugu 1,200 ya zama sakan 80. Da yawa suna zaton tagwayen nan na zaren gefe sun tsira daga wannan, alhali su ma da bugu ake ƙirga jinkirinsu, aiwatarwar kaɗai ke gefe. Tun sigar 1.20.3 ta Disamba 2023 ma wasan ya zo da umarnin da mai saba zai sauya saurin bugu ko ya tsayar da shi, don haka 20 ɗin kanta ba dutse ba ce.

Hukuncin a ganina a fili yake. Abin da ke cikin duniyar wasa, kamar ƙarfin magani ko ƙirgen fara faɗa ko tsawon lokacin da ƙofa za ta zauna a buɗe, ya bi bugu, don in duniya ta yi nauyi komai ya yi nauyi tare, ba a cuci kowa ba. Abin da aka yi wa mutum alƙawari, gasa ƙarfe takwas ko korar kwana uku, ya bi agogon mutane. Hanya mai sauƙi ita ce ƙaramin aiki da ke leƙa agogon gaskiya duk bayan bugu 20 ya tambaya ko lokaci ya yi. Ko a yi amfani da ScheduledExecutorService da Java ta zo da shi tun 2004, wanda ba ruwansa da bugu, in ya kaɗa a koma babban zare.

Agogon mutanen ma sai an ce na wane gari. Yaron ya sa gasarsu ta mako ƙarfe takwas na dare agogon Wagadugu, bayan isha'i, lokacin tara ta yi a Yamai da Kano. Na'urar hayar tana bin agogon Faris, wanda a lokacin sanyi yake gaban namu da awa ɗaya, sai ya rubuta 21 a cikin shirin, komai ya tafi daidai wata da watanni. Ranar Lahadin ƙarshe ta Maris Turai ta tura agogonta gaba da awa guda. Gasar ta buɗe ƙarfe bakwai, mutane ba su gama dawowa daga magariba ba, mutum huɗu suka raba kyautar talatin. Burkina ba ta sauya agogo, Nijar da Najeriya ma haka, shi ya sa abin ba ya zuwa mana a rai. A daren sauyin nan ƙarfe biyu da rabi ma babu ita a Faris, daga biyu ake tsallakawa uku, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma sau biyu take zuwa. Aikin da aka ɗaura mata yana iya ƙin tashi a Maris, ya tashi sau biyu a Oktoba. Java tana ba da damar a ambaci yankin lokaci da suna, Africa/Ouagadougou, kuma layi ɗaya ne.

Mai rabon aiki kuma ba ya tuna komai bayan mutuwa. Layinsa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake. Kafin su kama haya, a wata tsohuwar kwamfuta a shagon suke ɗora sabar, kuma duk wanda ya yi Afrilu a Wagadugu ya san yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi. Wanda aka kora na kwana uku da runTaskLater, in wuta ta ɗauke a kwana na biyu, aikin da zai buɗe masa ƙofa ya tafi da ita, ya zauna a waje har sai wani ya tuna da shi. Abin da ya kamata a ajiye a rumbu shi ne ranar da sa'ar ƙarewar horon, saba in ta tashi ta karanta ta lissafa da kanta. Haka nan lokacin da ake kashe filogin, Bukkit tana soke ayyukansa kuma ba ta karɓar sabo daga gare shi, don haka ajiyar ƙarshe a nan take ake yin ta, ba a ba ɗan aike.

A Maris 2023 ƙungiyar PaperMC ta fito da Folia, aikin wani mai shirye-shirye da aka sani da Spottedleaf, wadda ta taɓa ginshiƙin da duk bayanin nan ya tsaya a kai. Ƙasar Minecraft gunduwa-gunduwa take, kowace bulo 16 tsawo 16 faɗi. Folia takan tara gunduwoyin da ke kusa da juna su zama shiyya, kowace shiyya da bugunta, kuma shiyyoyi dabam-dabam suna bugawa a lokaci guda a kan ƙwayoyin furosesa dabam-dabam. In 'yan wasa biyu suka kusanci juna shiyyoyinsu su haɗe, in suka yi nisa su rabu. Babu babban zare kuma. Tsohon BukkitScheduler ba ya aiki a can, kuma Folia ba ta ma ɗaukar filogin sai mai shi ya rubuta a takardar bayaninsa cewa ya shirya mata. A madadinsa masu rabo huɗu ne. Ɗaya na wuri, ka ba shi aiki da adireshin bulo ya kai wa shiyyar da ta mallaki wurin. Ɗaya na halitta, yana bin ɗan wasa ko dabba duk shiyyar da ta koma, kuma yana karɓar aiki na biyu da za a yi in halittar ta gushe kafin lokaci. Ɗaya na abin da ya shafi kowa, kamar lokacin yini da yanayin sama. Na huɗu na gefe ne, shi kuma da sakan da minti na gaskiya yake ƙirga.

Duba da kyau, kurakuran da na lissafa a sama su ne Folia ta mayar tambayoyin dole. Da can mutum zai iya mantawa cewa ɗan wasa na iya fita, yanzu umarnin kansa yana da gurbin amsar. Da can agogo biyu a cakuɗe suke, yanzu kowanne da ƙofarsa. Tambayar ta tashi daga "yaushe" ta koma "kayan nan na wa ne a wannan bugun". Kuɗin tafiyar da Folia kuwa ba kaɗan ba ne. Masu ita suna ba da shawarar furosesa mai ƙwaya 16 aƙalla, kuma amfaninta sai inda mutane suka bazu nesa da juna. Taron da ya cunkushe wuri ɗaya shiyya ɗaya ne, zare ɗaya, milisakan hamsin ɗin nan dai.

Su yaron a kasuwa guda suke taruwa kowane dare, kuɗin hayar ƙwaya 16 kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibai talatin, don haka suna nan a kan Paper. Amma da yake Paper ta shigo da sababbin masu rabon nan huɗu cikin nata tsarin, ya fara mayar da ayyukansa kansu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗan wasa sun koma mai rabon halitta, share filin gasa ya koma na wuri, gasar mako ta koma agogon Wagadugu. Wanda ya rage masa shi ne littafin kuɗin kasuwa, wanda kowane ciniki daga kowace kusurwar duniyar ke taɓawa, ba shi da wuri kuma ba halitta ba ne. Ranar da na bar shi yana gwada sa duk cinikin a layi guda, zare ɗaya tak yana rubutawa, sauran suna miƙa masa takarda suna jiran rasit.